Sababbin motoci: inganta su ake yi, ko tsimin kuɗi ne kamfanoni suke yi?

Ɗan_Sitiyari:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman ra'ayin masana da masu tuƙi da ke cikin wannan zaure a kan wata magana da na daɗe ina juyawa a raina. Duk lokacin da kamfani ya fito da sabon samfurin mota, abin da ake faɗa mana shi ne an inganta ta, ta fi wadda ta gabace ta a komai. Amma idan mutum ya ɗaga bonet sai ya tarar da roba a wuraren da a da ƙarfe ne, idan ya buɗe but babu safaya sai wata 'yar kwalbar gam da ƙaramin famfon iska, maɓallan da ake murɗawa da hannu kuma duk an kwashe su an zuba a cikin allo guda. A ganina yawancin abin da ake kira ci gaba tsimin kuɗi ne aka yi wa kwalliya. Ko akwai mai ganin saɓanin haka?

Baba_Makanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da ka gani da ido mu da hannu muke taɓa shi kullum. Gidan da ruwan inji yake bi ya shiga lagireto a da na ƙarfe ne, ana kwance shi a wanke a mayar. Yanzu na roba ne, zafi yana dafa shi shekara da shekaru har ya bushe, ranar da ka ɗora masa sifana sai bakinsa ya ɓare a hannunka. Fitilar gaba kuma, a da ƙwai ɗaya kake cirewa ka sa wani, yanzu a motoci da yawa idan ta mutu sai dai a sauya gidan fitilar gaba ɗaya, wani lokaci ma sai an sauke bamba kafin a kai gare ta. Wanda ya zana motar bai yi tunanin mai gyara ba ko kaɗan.

Injiniya_Mai_Nazari:
Baba, da girmamawa, ban musa abin da ka faɗa ba, amma akwai ma'aunin da ya fi duka muhimmanci, shi ne ko mutum zai fita da ransa idan an yi karo. A shekarar 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora suke ɗaukar nauyinta, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar, wadda kowa zai rantse ƙarfe ce zalla, ta murƙushe har wurin zaman direba, sitiyari ya yi kan mutum-mutumin da aka zaunar a ciki. Sabuwar kuwa gabanta ne ya lalace, ɗakin fasinja bai motsa sosai ba. Bel mai kama kafaɗa da ƙugu Volvo ce ta fara sa shi a 1959, birkin ABS na lantarki, mai hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, ya shigo a Mercedes a 1978, na'urar da ke hana mota sulɓewa a kwana ta fito a 1995. Biyun ƙarshe a manyan motocin masu hali suka fara, yau duk ga su a ƙananan motoci. Ba za a kira wannan tsimi ba.

Sannan a lura da wani abu. Tsofaffin motocin da muke gani a hanya yau su ne waɗanda suka tsira. Dubban 'yan'uwansu da tsatsa ta cinye ko injinsu ya buga tun da wuri ba ma ganinsu, saboda haka muke ɗauka duk motocin wancan zamani haka suke da ƙwari.

Mai_Gyaran_Bodi:
Zan goyi bayan Injiniya a kan maganar tsatsa. Tun da kamfanoni suka fara lulluɓe ƙarfen bodi da sinadarin zinki, wanda Porsche ta yi tun a shekarun 1970 sannan Audi ta bi a shekarun 1980, ruɓewar ƙasan mota ta ragu ƙwarai. Laushin da mutane suke kuka da shi a gaban mota kuma da gangan aka yi shi, domin ƙarfen ya shanye ƙarfin bugun maimakon ƙirjin direba. Inda nake da ƙorafi shi ne tsadar gyara. Bamban da a da ake dumama shi a miƙe, yanzu a cikinsa akwai na'urorin auna tazara, a bayan gilashin gaba akwai kyamara, kuma bayan an sauya su dole sai an sake saita su da kwamfuta. Ƙaramin gogayya sai ya zama babban aiki.

Mai_Lissafi:
Ina ganin tambayar Malam Ɗan_Sitiyari ta raba abubuwa biyu da a cikin kamfani tare suke tafiya. Kafin a zana mota an riga an yanke farashin da za a sayar da ita da ribar da ake so, abin da ya rage shi ake raba wa inji da bodi da kujeru da sauransu. Idan doka ta tilasta a ƙara jakar iska ko na'urar tace hayaƙi, kuɗin ba daga sama zai faɗo ba, sai an zaftare shi daga wani wuri. Don haka mota ɗaya tana iya fin ta baya a abu goma, ta gaza ta a abu biyar.

Misalin da ake yawan kawowa shi ne Toyota Camry. Samfurin 1992 an gina shi da wadata, kusan da ma'aunin Lexus. Sai darajar kuɗin Japan ta hau, har a 1995 dala ɗaya ta koma kusan yen 80, abin da ya sa kayan Japan suka yi tsada a waje. Da aka zo samfurin 1997 sai injiniyoyi suka bi motar gaɓa gaɓa suna rage yawan sassa da sauƙaƙa abin da mai saye ba ya gani. To, wannan da aka rage wa kayan ita ce ta zama motar da aka fi saye a Amurka a shekarar. Darasin da sauran kamfanoni suka ɗauka daga nan ba ɓoyayye ba ne. A Jamus ma haka aka yi bayan da José Ignacio López ya bar General Motors ya koma Volkswagen a 1993, ya matsa wa masu kawo sassa lamba su rage farashi, har Jamusawa suka riƙa danganta raguwar ingancin wasu sassan motocin lokacin da sunansa.

Hajiya_Mai_Tuƙi:
Ni ban san lissafin kamfani ba, abin da na sani shi ne motar da nake tuƙawa yanzu sai na ɗauke idona daga hanya kafin in rage sanyi. A tsohuwar motata hannuna ya san inda kowane maɓalli yake, ina murɗawa ina kallon gabana. A wannan kuwa sai na taɓa allo, in shiga wani shafi, in nemi alamar, idan rana ta haska allon ma ba na ganin komai sai sawun yatsuna. Ranar da allon ya ɗauke ina cikin tafiya, na rasa rediyo da na'urar sanyaya da kyamarar baya a lokaci guda. Idan wannan ci gaba ne, ina so Injiniya ya bayyana mini ta wace fuska.

Injiniya_Mai_Nazari:
Hajiya, a kan wannan ba zan kare su ba. Volkswagen da kanta ta ja da baya: ta sa maɓallan shafawa a sitiyarin wasu samfuran Golf na takwas da ya fito a 2019, mutane suka yi ta ƙorafi, da ta sabunta motar a 2024 ta dawo da maɓallan dannawa. Hukumar Euro NCAP mai ba motoci taurari a kan kariyar haɗari a Turai ita ma daga 2026 ta shigar da batun cikin ma'auninta, tana so sigina da hon da waifa da fitilar haɗari su kasance suna da abin taɓawa na zahiri.

Mai_Wayarin:
Bari in ƙara wa Hajiya bayanin dalilin. Kowane maɓalli yana buƙatar a ƙera shi, a ja masa waya, a sa masa ɗan haske, a gwada shi, a kuma biya wanda zai ɗaura shi. Allo kuwa ya riga ya zama dole, domin tun watan Mayun 2018 Amurka ta wajabta kyamarar baya a kowace sabuwar mota. Tunda allon yana nan, ƙara masa aiki rubutun manhaja ne kawai, sau ɗaya za a yi shi a zuba a motoci miliyan. Ga shi kuma mai saye yana ganin babban allo a matsayin alamar tsada. Kamfani ya rage kashewa, ya kuma ƙara farashi a kan abu ɗaya.

Amma Baba_Makanike ya yi mini afuwa, ba na kewar kafireta. Mota ta ƙi tashi da safe, a yi ta buga totur, a kwance fulogi a goge, a saita wuta da kunne. Yanzu fulogi mai kyau yana kai kilomita 100,000, kuma idan wani abu ya samu matsala kwamfutar motar tana nuna inda za a fara dubawa.

Baba_Makanike:
Na yi maka afuwa, ɗana, injekta ta fi kafireta, wannan kowa ya sani. To ka ba ni amsar wannan. Wane ci gaba ne a ɗauki bel ɗin taimin na roba a tsoma shi cikin baƙin mai? Ford ta yi haka a injinta na EcoBoost mai lita 1.0, Peugeot da Citroën ma sun yi a injin PureTech mai lita 1.2. Bel ɗin yana jiƙewa yana saɓulewa, ɓurɓushinsa ya gangara ya toshe rariyar famfon mai, inji ya rasa mai ya buga. Daga baya a sababbin samfuran sai ga shi sun koma sarƙa. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniya_Mai_Nazari:
Baba, dalilin da suka bayar shi ne bel a cikin mai yana rage gogayya da ƙara, inji ya sha mai kaɗan. Wannan yana da nasaba da dokokin hayaƙi, domin a Turai ana cin kamfani tara idan matsakaicin hayaƙin motocinsa ya wuce iyaka. Shi ya sa aka ƙanƙanta injuna aka ɗora musu turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, aka koma ga baƙin mai mara kauri, aka rage nauyi ta ko'ina. Na yarda cewa dabarar bel ɗin ba ta yi kyau ba, amma ina ganin kuskuren injiniya ne wajen cika sharaɗin doka, ya bambanta da rowa.

Dogon_Zango:
Ku dawo kan safaya don Allah, domin ni nan ne abin ya fi ci mini rai. Gam ɗin da suke bayarwa ƙaramin hujin ƙusa kawai yake toshewa. Idan rami ya yaga gefen taya, ko ka zuba kwalba goma a banza. Na taɓa kwana a gefen hanya saboda wannan, da mota sabuwa ful, alhali da akwai safaya da jak aikin 'yan mintuna ne. An ce don rage nauyi aka cire, amma motar da aka cire wa safaya an sa mata rufin gilashi da manyan tayoyi waɗanda suka fi safayar nauyi.

Mai_Lissafi:
Malam Dogon_Zango ya taɓo inda maganar take. Rufin gilashi ana ganinsa a ɗakin baje koli, safaya kuwa sai ranar wahala ake tunawa da ita.

Lauyan_Zaure:
Ina so in kai maganar inda ta fi nauyi, domin akwai tsimin da ya ci rayuka. A 2014 General Motors ta janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6, ciki har da Chevrolet Cobalt, saboda makunnin da ake sa mukulli ba shi da ƙarfin riƙewa. Mukulli yana iya juyawa da kansa ana cikin gudu, inji ya mutu, jakar iska ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, kuma takardun cikin gida sun nuna an san da matsalar shekaru kafin nan, gyaran kuma bai kai dala ɗaya a kowace mota ba. Ga kuma jakar iska ta kamfanin Takata, wadda aka yi amfani da sinadari mai araha wajen hura ta. Zafi da laima suna lalata sinadarin, idan jakar ta tashi buɗewa sai ta fashe da ƙarfi ta watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. Miliyoyin motoci aka janye a faɗin duniya, kamfanin ya durƙushe a 2017. Ana lissafa jakar iska cikin jerin ci gaba, to ga tsimi ya shiga har cikinta.

Sabon_Direba:
Amma Takata ai ba ta ƙera mota, sassa take sayarwa. Me ya sa za a ɗora wa masu ƙera mota laifinta?

Lauyan_Zaure:
Saboda su suka zaɓe ta, kuma farashi yana cikin abin da ya sa suka zaɓe ta. Ka koma ka karanta abin da Mai_Lissafi ya rubuta a sama game da matsa wa masu kawo sassa. Yawancin abin da ke cikin mota ba kamfanin da sunansa yake a goshinta ne ya ƙera ba, saye ya yi, kuma shi yake faɗin nawa zai biya.

Maman_Biyu:
Ina bin muhawarar tun daga farko, kuma abin da na lura shi ne duk ci gaban da Injiniya ya lissafa, daga baya doka ce ta mayar da shi wajibi, shi ya sa ya kai ga kowa. Inda doka ta yi shiru sai a ga halin kamfani na gaskiya. Hyundai da Kia sun sayar da motoci masu yawa a Amurka tsakanin 2011 da 2021 ba tare da na'urar da ke hana inji tashi da baƙon mukulli ba, har satar su ta zama wasan yara a kafafen sada zumunta. A Kanada, inda doka ta wajabta na'urar tun 2007, sun sa ta. Haka kuma a 2020 ƙungiyar Global NCAP mai gwajin karon motoci ta haɗa sabuwar Nissan NP300 da ake sayarwa a lokacin a Afirka ta Kudu da Navara ta hannu ta 2015 daga Turai, sabuwar ce ta murƙushe. Don haka kafin a ce sabuwar mota ta fi tsohuwa, sai a tambaya wace kasuwa aka ƙera wa ita.

Injiniya_Mai_Nazari:
Maman_Biyu, wannan hujja ce mai ƙarfi kuma na karɓe ta. Abin da zan ƙara shi ne doka ba ta ƙirƙiro komai ba, abin da injiniyoyi suka riga suka ƙera ta tilasta a yaɗa. Kuma kamfanoni ba hanya ɗaya suke bi ba. A kusan lokaci guda, wajen 2019, Mazda ta mayar da ƙafafun bayan Mazda3 zuwa ƙarfe guda mai haɗa tayoyin biyu, wanda ya fi araha, ita kuwa Toyota ta ba Corolla a kasuwanni da yawa tsarin da kowace tayar baya take motsi da kanta, wanda ya fi tsada. Wata ta rage a inda wata ta ƙara.

Dillalin_Motoci:
Ku bar ni in faɗi abin da ba a so a ji. Masu saye suna da nasu kason laifin. A duk masu zuwa duba mota, da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ko ya tambayi ko injin bel ne ko sarƙa. Girman allo ake tambaya, da launin kujera, da ko waya tana haɗuwa da rediyo. Sannan wanda ya sayi sabuwa galibi yana rabuwa da ita kafin garanti ya ƙare ko jim kaɗan bayan haka. Robar da Baba_Makanike yake magana a kai ba a hannunsa za ta fashe ba, a hannun mai saye na biyu ko na uku za ta fashe, shi kuwa kamfani bai karɓi ko sisi daga hannun wannan ba.

Baba_Makanike:
Shi ya sa suke rubuta cewa man giya na har abada ne, ba a sauya shi. Har abadan nan tasu tana ƙarewa ne a inda alhakinsu ya ƙare. Duk mai son giyarsa ta daɗe ya sauya mai, ko littafin motar ya ce kada a sauya.

Mai_Wayarin:
Akwai ma sabon salo da ya wuce tsimi. A 2022 BMW ta fara neman kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ta kunna wa mutum na'urar ɗumama kujera, alhali na'urar tana cikin motar da ya riga ya biya. Surutu ya yi yawa, ta janye a 2023. Ina ganin wannan hanyar ba a rufe ta ba, jinkirta ta aka yi.

Ɗan_Sitiyari:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu ina so a ba ni amsa a kan daɗewa, domin a nan tambayata ta fi karkata. Idan aka ajiye batun haɗari a gefe, motar bana za ta kai shekarun da motar 1995 ta kai tana aiki?

Injiniya_Mai_Nazari:
Alƙaluman da ake da su suna nuna motoci suna ƙara daɗewa. A Amurka matsakaicin shekarun motocin da ke kan hanya ya kai 12.6 a 2024, kuma ya daɗe yana hawa. A da ma agogon nisan tafiya na motoci da yawa lamba biyar gare shi, idan ya cika sai ya koma sifili, domin ba a sa ran mota za ta wuce nan da nisa.

Mai_Lissafi:
Wannan adadi yana da fassara biyu, Injiniya. Yana iya nufin motoci sun ƙara ƙwari, yana kuma iya nufin sababbi sun yi tsadar da mutane suke lallaɓa tsofaffinsu. Bayan haka, motocin da suka ɗaga adadin an ƙera su ne shekaru goma sha da suka wuce, kafin allo ya haɗiye komai. Ba su ba da shaida a kan motar bana ba.

Baba_Makanike:
Inji da bodi za su kai, ban yi shakka ba. Abin da zai kashe motar bana shi ne ranar da wata kwamfuta a cikinta ta ƙone, kamfani ya daina ƙera irinta, ta hannu kuma ta ƙi aiki sai an haɗa ta da lambar motar a wurin wakilinsu. A nan za a ajiye mota mai lafiyayyen inji saboda abin da bai fi tafin hannu ba.

Mai_Wayarin:
Baba, haka aka ce lokacin da injekta ta shigo, kuma ga shi yau yara suna buɗe kwamfutar mota suna sauya abin da ya ƙone a ciki. Matsalar da nake hange ita ce kulle manhaja da kamfanoni suke yi, shi ya sa ake ta fafutukar dokar 'yancin gyara a Amurka da Turai. Hajiya_Mai_Tuƙi, allon naki da ya ɗauke, sauya shi aka yi gaba ɗaya ko sabunta manhajar kawai suka yi?

Hajiya_Mai_Tuƙi:
Sabunta manhajar suka yi da farko, ya sake ɗaukewa, sannan suka sauya shi gaba ɗaya a ƙarƙashin garanti. Na tambayi abin da zan biya da garantin ya ƙare, da suka faɗa mini sai na fara tunanin sayar da motar kafin lokacin ya zo.